Barsu, buzun Baba, da wata biyun da aka ba ni

1/
Tun ranar da na ɗora hoton Barsu ake ta turo mini saƙo. Wasu na cewa "kai da kake ɗan gidan malamai, me ya haɗa ka da kare?" Wasu kuma tambayarsu ta fi sauƙi: "namu ya ishe mu da fitsari, ya ka yi da naka?" To ku gyara zama. Labarin da ɗan tsawo, kuma akwai kashi a ciki. Mai cin abinci ya ƙarasa tukuna.

2/
Ga wanda bai sani ba, ni ɗan Zagga ne, ƙaramar hukumar Bagudo a jihar Kebbi, can ɓangaren da Najeriya ke jingine da Benin. Ƙasar fadama ce, shinkafa da kifi da dabbobi. Gidanmu irin na da ne: zaure, tsakar gida ta ƙasa, rumbu biyu, sai turken awaki a baya, wanda danga kawai ta raba shi da waje.

3/
A watan Nuwamban 2024, ana tsakiyar aikin shinkafa, kowa ya dawo a gajiye ya yi barci kamar gawa. Aka tsaga dangar nan cikin dare, aka kwance awaki biyu da ragon da Inna ta yi wata bakwai tana kiwo. Ko tari ba wanda ya ji. Da safe igiyoyi muka tarar. Inna ba ta yi kuka ba, ta dai zauna a bakin turken ta daɗe tana kallon ƙasa. Wallahi da ta yi kukan da ya fi mini sauƙi.

4/
Ni na kawo shawarar kare. Baba ya yi kwana biyu bai ce komai ba, ranar na uku ya ce: "Na tsaro na, ba na wasa ba. Kuma wahalarshi taka ta, kai ɗai."

'Yan Kano ku yi haƙuri, haka muke magana, ba zan fassara ba 😂

5/
Ina da aboki Bafulatani a wata ruga kusa da kogi, karyarsu ta haifi shida. Na zaɓi ja mai farin ƙirji. Lokacin bai fi sati biyar ba. Abokina ya ce in bari ya ƙara kwana biyu wurin uwarsa, na ce a'a, sauri nake. Daga baya na gane ƙa'idar ita ce kwikwiyo ya kai sati takwas kafin a raba shi da uwa. Kuskurena na farko ke nan, tun kafin in ta da mashin.

6/
Ban gama kwance kwalin daga bayan mashin ba maƙwabta suka fara magana. Shi ya sa na sa masa suna Barsu. Bar su su yi ta faɗa.

7/
Kwana uku na farko daɗi. Ƙannena ba sa ko son tafiya makarantar allo. Sai aka fara ganin aiki. Fitsari a ƙofar ɗakin Inna. Fitsari gindin randa. Kashi kusa da murhu, daidai inda ake ajiye tukunya. Akwai ranar da na zauna na ƙirga, sau goma sha ɗaya daga asuba zuwa isha'i. Abu kamar ƙullin goro, amma kamar famfo aka haɗa masa a ciki.

8/
Na yi abin da kowa ya ce in yi. A kama shi, a dangwara hancinsa a kan abin, a tsula masa tsumagiya. Na yi, ba sau ɗaya ba, kuma ba na alfahari da shi. Cikin kwana biyu na daina ganin komai a tsakar gida. Har na je majalisa ina cika baki wai na iya tarbiyya.

Kwana uku bayan nan Inna ta ce tana jin wari a ɗakinta. Muka ja gado. Innalillahi. Muka duba bayan rumbu, muka duba lungun buhunan shinkafa. Ko'ina ya ajiye mana saƙo.

9/
Ga abin da ban gane ba a lokacin. Kwikwiyo ba ya haɗa dukan yanzu da fitsarin da ya yi minti goma da suka wuce. Abin da ya faru cikin 'yan daƙiƙun nan kawai yake haɗawa. Ni a tunanina ina koya masa "kada ka yi a nan". Shi abin da ya koya shi ne "kada ka yi a gaban wannan mutumin, mahaukaci ne". Wannan kwantar da kunne da naɗe wutsiya da muke cewa ya san laifinsa, fuskarka kawai ya gani ya tsorata.

Sai abin ya juyo kaina. In na fita da shi waje in tsaya, ya matse ya ƙi yi saboda ina kallo. Muna shigowa ya ruga ƙarƙashin gado.

10/
Sai ranar buzu.

Ƙarshen Disamba ne, sanyin hunturu har cikin ƙashi. Baba yana da wani buzu da ya girmi ƙanena na biyu, a kansa yake nafila a zaure kafin kiran asuba. Ya shimfiɗa, ya fita alwala. Ya dawo ya ɗora ƙafa, ya ji ɗumi. A wannan sanyin, abu ɗaya ne zai yi ɗumi a kan buzu.

11/
Bai ɗaga murya ba. Cikakken sunana ya kira, wanda rabon da in ji shi a bakinsa tun ranar da na fasa gilashin motar mutane ina firamare. Na fito ko takalmi babu. Ya nuna buzun, ya nuna Barsu da ke ta kaɗa wutsiya abinsa, ya ce: "In watan azumi ya tsaya wanga kare bai san wurin kashinai ba, ka hid da shi gidan ga."

Ya wuce masallaci.

12/
Wanda ya tashi a birni zai ce to sai me, a mayar da shi inda aka ɗauko. Mutanen rugar sun riga sun tashi da shanunsu sun bi ruwa. Saura hanya biyu. Ko a yar da shi bakin kasuwa, yara su bi shi da jifa har ya zama irin karnukan nan masu ƙazuwa da ke kwana a juji. Ko a miƙa wa masu sayen karnuka da ke bi ƙauye-ƙauye. Duk wanda ya taɓa jin labarin kasuwar Dawaki ta ƙaramar hukumar Kanke a jihar Filato ya san ba kiwo ake kai su ba, nama ne.

Ni na ɗauko shi daga jikin uwarsa yana shan nono. Wata biyu ke gare ni.

13/
Kafin komai sai da na je wurin malaminmu, don ni kaina zuciyata ta fara raya mini ko na jawo wa gida abin da ba shi da kyau. Na yi zaton faɗa zan sha. Sai ya rarrabe mini abin dalla-dalla. Ya ce a mazhabar Malikiyya da muke bi, kare mai rai jikinsa ba najasa ba ne, haka yawunsa. Wanke kwanon da ya sa baki sau bakwai, malamanmu sun ɗauke shi bin umarni ne. Shafi'iyya kuwa sun tsananta, a wurinsu najasa ce mai nauyi, wanki bakwai ɗaya da ƙasa.

14/
Amma fitsarinsa da kashinsa, ya ce, wannan najasa ne ba tantama. Abin da ya taɓa na tufa ko shimfiɗa a wanke har ya fita, ƙasa kuma a kwarara mata ruwa mai yawa. Ya ce an yi rangwame ga karen kiwo da na gona da na farauta, kuma malamai da yawa sun shigar da na tsaron gida in akwai buƙata ta gaskiya. Har ya ba ni labarin Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, mai littafin Risala da muke karantawa, cewa ana ruwaito ya ajiye kare lokacin da katangar gidansa ta faɗi yana tsoron ɓarna, da aka tuna masa Imam Malik bai so haka ba, sai ya nuna cewa da Malik ya riski zamaninsu da zaki ma zai ajiye.

Ni ba malami ba ne, kowa ya tambayi nasa. Abin da na fito da shi dai: matsalata ba Barsu ba ce, inda yake tsugunawa ne.

15/
Na ƙona data a YouTube ba kaɗan ba. Turawa ne da kafet da keji mai tsada da wani ƙyalle na musamman da ake shimfiɗa wa kare. Ba wanda ke da rumbu, ba wanda ke da Kaka. Na tsinci abin tsinta, amma wanda ya buɗe mini kai abokina ne na ruga, da na samu layinsa ya shiga.

16/
Dariya ya yi ta yi har kuɗin wayata suka kusa ƙarewa. Ya ce su ba su taɓa koya wa kare kashi ba. Yana ƙarami uwarsa ke lashe shi ta tsabtace makwanci. Da ya fara tafiya sai ya ja jiki nesa da inda yake kwana ya yi abinsa, yana girma yana ƙara nisa, daji kuma ga shi nan ba iyaka. Ya ce: "Kai ka sa shi cikin katanga. Ina kake so ya je?"

17/
Na kashe wayar na zauna. Wato Barsu yana da tsabta tun asali, ba ya ɓata makwancinsa, ko sau ɗaya bai yi a cikin kwalinsa ba. Sai dai a idonsa kwalin nan ne kaɗai gida. Tsakar gidanmu, ɗakin Inna, zauren Baba, duk daji ne. Yana fitowa daga kwali ya yi taku goma, a wurinsa ya yi nisa, ya yi abin kirki. Ni kuma in zo da tsumagiya.

18/
Sai na rage masa duniya. Akwai tsohon akurkin kaji a gidan, na wanke na shanya, na kai shi kusa da turke na kewaye da zana saboda iska. Faɗinsa daidai ya miƙe, ya juya, ya kwanta. In ya fi haka girma zai mayar da kusurwa ɗaya masai. Don Allah a fahimce ni, ba kurkuku ba ne. Wurin barci ne da wurin ajiye shi lokacin da idona ba ya kansa. In ina gida yana tare da ni, da igiya a ƙugu na. Yawo shi kaɗai a tsakar gida dai ya ƙare.

19/
Na zaɓa masa wuri guda, bayan danga gindin dogon yaro, nesa da rijiya da inda yara ke wasa. Sannan na ɗauki fartanya na bi duk inda ya taɓa yi a cikin gida, na kankare ƙasar na zuba a kwano na kai gindin bishiyar. Ramukan na kwarara ruwa, na zuba toka, na rufe da sabon yashi.

Dalili: hanci. Ana ƙiyasta ƙwayoyin jin wari a hancin wasu karnuka sun kai miliyan 300, namu kuwa kamar miliyan 6. Wurin da kai ka share ka ce ya fita, shi yana karanta shi kamar allon sanarwa: nan ne masai.

20/
Wani abin kuma da na gano a makare: tun ranar farko buhu da tsumma na shimfiɗa masa a gaban kwali, a kansu ya fara tsugunawa. Ƙafarsa ta saba da abu mai laushi. Shi ya sa tabarma, tsumman ƙofa, buzu, duk suke kiransa. Buzun Baba ba raini ba ne, ni na koya masa ba da sanina ba. Na sa ƙannena dokar naɗe duk wata shimfiɗa da an tashi.

21/
Sai lokaci, wanda shi ne ainihin wahalar. Masu kiwon karnuka suna da wani lissafi na kusan-kusan: watanninsa ka ƙara ɗaya, awannin da zai iya riƙe fitsari ke nan. Ɗan wata biyu, awa uku, in ya yi ƙoƙari. Ban da haka kuma akwai lokuta uku da ba a jira: da ya farka, bayan ya ci da kamar minti 15 zuwa 30, da kuma in ya gama wasa. Ba kira ake yi ba, ɗaukarsa nake cak sai gindin bishiya, don in ya taka ƙasa a hanya an gama.

22/
Abinci ma sai da aka yi rigima. Kowa a gidan mai ciyarwa ne. Wannan ya jefa masa lomar tuwo, wancan ƙanzo, ƙanwata kuma ta saci madara ta ba shi don tausayi, ba ta san madarar shanu na sa kwikwiyo zawo ba. Cikin da ake cusa wa abu kowane lokaci, fitarwa ma kowane lokaci ne. Na tsayar da sau uku: bayan asuba, bayan azahar, kafin magariba. Cikin sati na fara sanin lokacin kashinsa fiye da yadda na san lokacin cajin wayata.

Af, mu Kabawa da albasa: miyar da ta sha albasa ba ta kare ba ce, tana lalata musu jini. A cire masa tuwonsa kafin a zuba miya.

23/
Tsumagiya na jefa a murhu. Na koma yawo da gutsuren busasshen kifi a aljihu, har kuliyoyin unguwa suka fara bina. In ya tsuguna a wurin sai in ce "maza", yana miƙewa in sa masa kifin a baki nan take, ba sai mun koma gida ba. In kuma na kama shi ya fara a cikin gida, tafi ɗaya nake yi ya tsaya, in ɗauke shi in kai shi ya ƙarasa can. In na tarar ya riga ya yi, ba magana, fartanya kawai.

Sai da aka yi kwana tara kafin ya yarda ya yi a gabana. Kwana tara ina biyan bashin dukan kwana biyu. Ranar da ya yi, saura kaɗan in rangaɗa guɗa.

24/
Dare kuwa na sa alam ƙarfe ɗaya da ƙarfe huɗu. Ku hango ni: hunturu, hazo, na naɗe da bargo kamar mai jego, tocila a hannu, ina tsaye bayan danga ina raɗa "maza, maza". Wani dare sai haske ya dallare mini fuska, aka daka tsawa: "Wa na nan?" 'Yan sintirin unguwa ne, kuma daidai wurin da aka tsaga danga aka saci awaki nake tsaye.

Na ce ni ne. Suka ce mi kaka yi nan cikin daren ga? Na ce kare nake jira ya yi fitsari. Shiru. Sai ɗaya ya ce wa ɗan'uwansa a hankali: "Allah sarki, karatun boko." Har yau in na wuce majalisarsu sai wani ya ce "maza, maza" 😭

25/
Yanzu bari in kawo muku wadda ta ci wasan nan, Kakata.

Tun zuwan Barsu ba ta taɓa kiran sunansa ba, "abin nan" take cewa. In ya nufo ta sai ta tattare zani. Amma ita ce ba ta barci bayan ƙarfe uku, tana zaune ƙofar ɗakinta da tasbaha, kuma daga nan ana hango akurkin. Wata rana ta ce mini: "Kai wayarka kaka kallo, ba ka kallon abin nan. In za ya yi, shina shinshina ƙasa, shi zagaya, shi zagaya. Ɗiya goma na aza bisa fo, ba wanda ya taɓa ce min Kaka ina jin kashi. Gani akai."

26/
Daga ranar na samu alam mai rai. Sai in ji sanda a ƙyauren ɗakina, ƙwan ƙwan ƙwan: "Tashi, abin nan naka shina zagaye." Ba ta taɓa kuskure ba ko sau ɗaya. Alam ɗin waya lissafi yake bi, ita kuwa karen take karantawa. Har yau ba ta taɓa shi da hannunta ba.

27/
Tsakiyar Janairu komai ya rushe. Zawo, sau shida, sau bakwai, har cikin akurkin da bai taɓa ɓatawa ba. Cikinsa ya kumbura kamar ƙwarya, gashinsa ya dushe. Na fara cewa shi ke nan, ya koma gidan jiya. Sai da safe na haska kashin na ga abu fari dogo kamar taliya yana motsi.

Tsutsar ciki. Akasarin 'yan kwikwiyo da ita ake haifarsu, ko su sha ta a nonon uwa. Ba taurin kai ba ne, ciwo ne. Da tsumagiyata tana nan da na daki marar lafiya.

28/
Malamin dabbobi da ke zuwa ranar kasuwa ya auna nauyinsa, ya ba da magani daidai nauyin, ya ce a maimaita bayan sati biyu. Kada wanda ya ɗebi maganin awaki ya ɗura wa kwikwiyo da ka, ana kashe su haka. Sai ya tambaye ni ko akwai yaro mai rarrafe a gidan. Na ce akwai, ɗiyar Yayata, komai ta samu a ƙasa baki take kaiwa.

Ya ajiye abin da ke hannunsa ya yi mini bayani. Ƙwan tsutsar nan yana fita cikin kashi. A ranar ba ya kama mutum, sai ya yi sati biyu zuwa huɗu a cikin ƙasa sannan ya nuna, kuma yana iya daɗewa a wurin wata da watanni. Yaro ya ci ƙasar, tsutsar ta ƙyanƙyashe ta bi jikinsa, wani lokaci har hanta ko ido.

29/
Gaskiya jikina ya yi sanyi. Duk tsawon lokacin nan ni buzu da wa'adin Baba nake tunani. Ban taɓa kawo yarinyar nan a raina ba, ga ta kullum tana rarrafe daidai wurin da nake kankarewa. Daga ranar ko gindin bishiyar ba na barin kashi ya kwana, rami na haƙa mai zurfi, kullum in kwashe in binne in wanke hannu da sabulu. Tsakar gida kuma na sake zuba mata yashi gaba ɗaya, amalanke huɗu, da kuɗin da nake tarawa na sayen waya.

30/
Da ya cika wata uku a farkon Fabrairu, malamin ya zo da allurar haukan kare a cikin kula mai ƙanƙara ya yi masa. Wannan ko ba ka karanta komai a zaren nan ba ka riƙe shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ciwon yana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, yawanci a Afirka da Asiya, kusan duka ta cizon kare, kuma yara ne da yawa a ciki. In alamunsa suka bayyana kusan ba a tashi. Kare ya ciji mutum ko ya yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, a wuce asibiti ranar. Ba a jira a ga ko karen zai haukace.

31/
Na fara zana layi da gawayi a bangon rumbu, kowace rana da ta wuce ba ɓarna layi ɗaya. Na kai takwas, sai na tafi gidan kallon ƙwallo, wasa ya kai ƙarin lokaci, hira ta biyo baya. Awa shida. Na dawo na tarar ya yi a akurki yana ta kuka, ya takure a gefe don kada ya taɓa jikinsa. Wannan ba a kansa na rubuta ba. Na goge layukan, na fara daga ɗaya.

32/
Sai kuma ranar da Kawu ya zo daga Bagudo. Barsu ya ruga da murna, ya kwanta gabansa yana kaɗa wutsiya, ya ɗiga masa a kan takalmi. Zuciyata ta faɗi don Baba na tsaye. Amma wannan fitsarin daban ne, na zumuɗi da ladabi ne, ƙananan karnuka na yin sa in sun ga babba ya sunkuyo kansu, kuma tsawa ƙara shi take. Maganinsa baƙo ya share shi har ya natsu. Na buɗe baki zan yi wannan dogon bayanin, Kaka ta riga ni daga inda take zaune: "Gaisuwa ta ya yi. Ku ba Kawunku buta."

Baba ya juya kai. Ina kyautata zaton dariya ya ɓoye.

33/
Ranar da aka ga wata layukana goma sha bakwai ne. Azumi ya kama Asabar 1 ga Maris 2025. Daren nan ban yi barcin kirki ba, ina jiran a kira cikakken sunana. Aka tashi sahur, aka zuba tuwon shinkafa da miyar kifi, kowa ya yi shiru yana ci. Baba ya gama, ya wanke hannu, ya tura kwanonsa gabana da sauran tuwo a gefen da miya ba ta taɓa ba. Ya ce: "Shi ba ya azumi. A kai mai."

Iyakar hukuncin ke nan. Bai ƙara tayar da maganar ba.

34/
Amma da sharaɗi, kuma na ga daidai ne. Barsu ba ya shiga zaure, ba ya shiga ɗaki, kwanonsa daban, wurinsa turke. Yanzu in ya matsu zuwa yake ya tsaya a ƙofar danga ya yi ƙara ɗaya ya waiwayo. Masu tambaya ko ya kama ɓarawo: a'a. Ya dai taɓa tashin gidan gaba ɗaya ƙarfe biyun dare a kan bushiya. Amma Inna ta sake ɗaure rago a turken, kuma tana barci.

35/
Buzun fa? Na wanke shi sau uku na shanya, malam ya ce ya tsarkaka. Baba ya ce ya ji, amma zuciyarsa ba ta kwanta ba. Kaka ta ɗauke abinta, a kansa take zama jin ɗumi. Da layya ta zo ni aka ɗora wa kai fatar ragon wurin majemi, kuma daga aljihuna aka biya. Sabon yana nan a zaure. Baba ya sa an kafa masa ƙusa a bango, sama sosai, kuma ko alwala zai fita sai ya rataye shi tukuna.